Ɗinkin Hajiya Tambari

Malama Rahina tana tsaye kan benci tana ɗaure bakin zanar da iska ta ɓalle, sai ta ji ƙugin babur a bayanta. Ba ta waiwaya ba. A duk kwalejin mutum ɗaya ne yake shigowa filin ƙwallon kwando a kan babur, ya riƙa zagaya shi a hankali kamar mai shirin taya gona.

"Malam Jibrin, tayarka tana kan layina."

"Layin na yau ne kawai, Malama," in ji shi. Ya kashe injin, ya buga dunduniya a kan simintin don ya ji ƙwarinsa. "Na auna. Babur arba'in zai ci, har da wurin juyawa."

"Kwamiti bai yanke hukunci ba tukuna."

"Zai yanke kafin magariba. Ni dai shawara nake ba ki, ki fara neman inda za ki jingine ƙarafan nan."

"To fita, 'yan mata suna tafe. Kai ka ce ganinsu bai halatta ba."

Ya tura babur ɗinsa ya fita, idonsa a ƙasa, ko da yake babu kowa a filin sai ita da akuyar mai gadi.

Maganar ta samo asali ne daga siminti. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, ma'aikatan kwalejin horar da malamai da ke bakin garin Kaura Namoda suka wayi gari da sababbin babura. Da damina ta sauka, harabar ta zama taɓo, aka duba aka ga shimfiɗar siminti ɗaya ce tak a kwalejin wadda ba ta da rufi ba ta da ofis a kanta. Malam Jibrin, sakataren ƙungiyar ma'aikata, bai ambaci babur ba a gaban hukuma. Cewa ya yi zuciyarsa ba ta kwanta da tsalle-tsallen 'ya'yan Musulmi ba.

Rahina ce ta zuba simintin nan. Ɗiyar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, an haife ta a bayan tasha, ta koyi wasan a makarantar 'yan mata a Sakkwato saboda ta fi kowa tsawo kuma ba ta iya gudun tsere ba. Ta yi wa tsohuwar Jihar Sakkwato wasa, ta dawo gida da takardar koyar da motsa jiki. Ta bi Alhazan kasuwa shago-shago har ta tara buhunan siminti, ta sa maƙeri ya lanƙwasa mata zobba biyu daga tsohon ƙarfen da aka yar a tashar jirgi. Tun daga lokacin ta kawo kofuna huɗu, waɗanda ke cikin kabad a ofishin shugaban kwaleji, a bayan kayan shayi. 'Yan wasanta sun zama malamai a Zurmi da Galadi da Banga. Kuma a kan simintin nan ba a taɓa cin ta ba, ko sau ɗaya. Wannan ne kaɗai abin da take faɗa da bakinta idan aka tambaye ta.

Da Shari'a ta zo ba ta jira a aiko mata ba. Ta kai wa tela yadi aka ɗinka dogayen wanduna da riguna har gwiwa da gajeren hijabi mai ɗauri a ƙeya. Ta kewaye filin da zana. Ta sallami 'yan kallo maza, waɗanda dama mai gadi ne da mai rake.

Duk da haka aka kafa kwamiti ƙarƙashin magatakardan kwaleji, Alhaji Muhtari. Kwamitin ya yi zama ya sake zama bai kai ga komai ba, don ba a yanke hukunci kan abin da ba a gani ba, kuma ganin ne ake tuhuma. Limamin kwaleji ne ya warware musu. Ya ce abin da maza ba su da halin gani, shaidar mata biyu masu mutunci ake karɓa a kansa. Alhaji Muhtari ya aika Zurmi a ɗauko mahaifiyarsa. Malam Jibrin ya aika Banga a ɗauko gwaggonsa. Aka gayyaci ƙungiyar kwalejin mata ta Shinkafi wasan sada zumunta, domin shaidu su ga abin yadda yake.

Bayan azahar motar Alhaji Muhtari ta tsaya a bakin zana. Ya zagayo ya buɗe ƙofa, tsofaffi biyu suka fito. Hajiya Tambari gajera ce, busasshiya, da jakar fata a hammata. Ba ta dubi ɗanta ba. Shi ne ɗanta na fari, bakinta bai taɓa kama sunansa ba, kuma ba ta fara yau ba.

"Ku ce ma mai motar ya tahi, mun gode," ta ce wa iska.

Rahina ta durƙusa. "Sannunku da zuwa, Inna. Ya hanya? Ya mutanen Zurmi?"

"Lahiya lau. Ke ce malamar tsallen?"

"Ni ce, Inna."

Hajiya Tambari ta ɗaga kai ta bi ta da kallo har sama. "To ke mi za ki yi da tsalle? Ai kin riga kin kai."

Ta biyun, Hajiya Gimbiya, mai jiki ce, tana tafe tana haki. Ta gaishe da Rahina a taƙaice, irin gaisuwar wadda aka riga aka gaya mata abin da za ta gani. "Jibrin ya ce in lura da ƙwauri da gashi," ta ce. "Ina za mu zauna mu hango su da kyau?"

Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa kusa da benci. Rahina tana zuba musu fura sai mai gadi ya yi sallama daga waje, ya ce ga ɗan kabu-kabu da saƙo. Mutumin ya miƙo jaka ta saman zana. Jakar alƙaliyar wasa ce, Maryamu, wadda aka ɗauko daga Gusau, da usur ɗinta da agogonta a ciki. Ita kanta tana tashar mota. An hana mata hawa kabu-kabu, ba a hana jakunkunansu ba, sai ta aiko da abin da doka ta yarda ya taho.

Rahina ta kira kyaftin ɗinta. Hussaina yarinya ce mai natsuwa, 'yar gidan malamai, wadda ba a taɓa jin ta mayar wa babba magana ba.

"Ki kula da baƙi. Duk abin da suka ce, ki ce to. Ga ragogi can kan benci, ki ɗauko tsani ki rataya su. Zan je tasha in ɗauko alƙaliya, yanzu zan dawo."

Ragogin kwandon guda biyu ne, daga Kano aka sayo su, kuma Rahina tana sauke su bayan kowane atisaye don kada rana ta cinye su. Suna nan a ninke, daidai hannun Hajiya Tambari.

Ba yanzu ta dawo ba. Tasin mata, mai hoton mace da lulluɓi a jikin ƙofa, ba ta tashi sai ta cika, kuma matan Kaura a ranar ba su da niyyar zuwa ko'ina. Da ƙyar aka sami mai jego da wata mai buhun gero. Ko da suka iso kwaleji da Maryamu rana ta karkata, motar Shinkafi ta riga su, direbanta ya juya ta ta fuskanci katanga ya kwanta a ƙarƙashinta. Maza 'yan kwamiti suna zaune a gindin darbejiya, kujerunsu sun ba wa zana baya.

Kociyar Shinkafi ta taho da gudu ta rusuna. Ummulkhairi ce, wadda Rahina ta koya wa riƙe ƙwallo tun tana kuka idan ya bugar mata yatsa.

"Koci, ina wuni."

"Tashi, yau abokiyar gaba ce ke. Ba lokacin ɗumama jiki, la'asar ta kusa. Maryamu, busa."

Hussaina ta matso. "Koci, akwai magana."

"Bayan wasa."

"Koci, ragogin..."

"Kin rataya?"

"Na rataya."

"To shiga."

Aka jefa ƙwallo sama. Kaura ta karɓe, aka miƙa sau biyu, Hussaina ta kutsa ta tsakiya ta ɗaga hannu kamar mai roƙon gafara, ta saki. Ƙwallon ya daki allo, ya faɗa zobe, ya zauna. 'Yan wasa goma suka tsaya a ƙarƙashinsa da hannuwa a buɗe suna jira. Bai sauko ba. Yana nan a sama yana lilo a hankali, kamar ƙwaryar nono a ragaya.

"Alhamdu lillahi," in ji Hajiya Tambari daga kan tabarma. "Ya riƙe."

Rahina ta dubi ragar. An tattare gindinta an ɗinke da zaren buhu, ɗinki matsattse, ƙulli a kan ƙulli. Ta juya ta dubi ɗayar. Haka.

"Ɗiyata, zo," Hajiya Tambari ta yafito ta da basilla. "Kada ki ji kunya, ba laihinki ba ne. Muna zaune na ɗauka in duba, na iske duk biyun ba gindi. Ɓula hwa, har kaina zai wuce. Na ce ma yarinyar ga, haka kuke aiki da su? Ta ce to. Na ce in gyara? Ta ce to."

Hussaina tana kallon takalminta.

"Mun gode, Inna," in ji Rahina. "Allah ya saka da alheri."

"Ba komi. Da kin aiko tun bara da na yi miki."

Maryamu ta busa usur, ta ja kociyoyin biyu tsakiyar fili. Mace ce mai son doka, ta yi shekaru tana alƙalanci, kuma ta yini a tasha.

"A kawo almakashi," ta ce.

"Ba za a kawo ba," in ji Rahina.

"Malama, ƙwallo sama yake shiga ya fita ta ƙasa. Haka yake a duk duniya."

"Na sani. Ni na koya wa wadda ta koya miki. Waccan tsohuwar uwar shugaban kwamiti ce. Ta zauna ta yi mana aikin alheri da hannunta. In na hau tsani na farke shi a gaban idonta, a gaban sa'o'in jikokinta, gobe babura ne a nan."

Ummulkhairi ta rufe baki da gefen hijabi, tana danne dariya.

"To yaya za a riƙa sauko da shi?" in ji Maryamu.

"Akwai gorar kaɗo mangwaro a bayan ɗakin kwana. Guda biyu."

Maryamu ta dubi sama, ta dubi agogonta. "Wasan sada zumunta ne, don haka na yarda. Amma ba zan tsayar da agogo don gora ba. Ina da motar Gusau da zan kama."

Aka kawo gorori. Wata 'yar benci ta miƙa hannu za ta karɓa, Hajiya Tambari ta miƙe ta riga ta. Ta ce ɗinkinta ne, ba za ta bar yara su tsokale mata shi ba. Ta tsaya a ƙarƙashin kwandon, ta saita, ta tura sau ɗaya, ƙwallon ya yi tsalle ya fito. Hajiya Gimbiya ta ga ba za a bar ta a tabarma ita kaɗai ba, ta ɗauki ta biyun ta nufi ɗaya gefen tana haki.

Nan Rahina ta gane abin da ta saya. Duk kofunan nan huɗu da gudu ta ci su. 'Yan wasanta gajeru ne, dabararsu ɗaya: da ƙwallo ya faɗo daga raga, a cafe, a wurga, a isa ɗaya gefen kafin abokan hamayya su juya. Shekara da shekaru tana horar da su a kan wannan ƙiftawar idon. Yanzu kuwa duk wanda ya ci, sai kowa ya tsaya a jira tsohuwa ta gyara mayafi, ta saita gora, ta yi bisimilla. Kafin nan dogayen 'yan Shinkafi sun taka a hankali sun koma gida sun jeru kamar shinge, har wata tana gyara ɗaurin takalmi.

A hutun rabin lokaci Shinkafi tana gaba. Hussaina ta zo kusa da Rahina ta buɗe tafin hannu kaɗan. Reza ce.

"Koci, zare ɗaya kawai. In na yi tsalle zan shafa. Za a ce da kansa ya ɓalle."

"Kin ga ɗinkin nan? Ko ɗan maraƙi aka saka ba zai ɓalle ba."

"Ba a taɓa cin mu a nan ba, Koci."

"Na fi ki sani. Ba ni rezar."

Ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi. Ta tsaya jim tana jin ta a jikin yatsanta, sannan ta tafa hannu ta ce su bar gudu, su riƙa jefawa daga nesa.

Da aka koma, aka sauya gefe kamar yadda aka saba, tsofaffin ma suka sauya, Hajiya Gimbiya ta ci gaba da tsaron kwandon da Shinkafi ke jefawa. Hajiya Gimbiya ta daɗe da manta ƙwauri da gashi. Ta gano cewa mai lamba bakwai ta Kaura jikar wata ƙawarta ce ta Kasuwar Daji, ta kuma tuna tunkiya mai tari da aka taɓa sayar mata a kasuwar Shinkafi. Da wata doguwa ta jefo ƙwallo, Hajiya ta ɗaga gora ta tare shi tun yana iska.

Maryamu ta busa. "Hajiya, sai ya shiga ake turawa!"

"Ai na ga zai shiga, shi ya sa."

"An ba Shinkafi maki biyu."

"A kan mi? Ɗiyar nan, ke 'yar ina ce?"

Daga bayan zana muryar Malam Jibrin ta taso. "Gwaggo, lafiya? Me kike gani?"

"Ruhe mana baki, aiki mukai!"

Jifan nesa ya fara shiga. Mai lamba bakwai ta ci, Hussaina ta ci sau biyu a jere, Hajiya Tambari tana turo ƙwallon tana faɗin "madalla" kamar mai karɓar kayan biki. Hajiya Gimbiya ta rangaɗa guɗa har akuyar mai gadi ta tsinke igiya. Ana saura kaɗan a tashi, Kaura ta wuce gaba da maki ɗaya. Rahina ta ji ta fara lissafin abin da za ta ce wa Ummulkhairi don ta rarrashe ta.

Sai doguwar Shinkafi ta karɓa a ƙarƙashin kwando, ta miƙe, ta ajiye ƙwallon a ciki kamar mai ajiye tulu. Shinkafi ta koma gaba da ɗaya. Akwai sauran lokacin da ya ishi 'yan Rahina su kai hari ɗaya, irin wanda suke yi ido rufe. Hussaina ta riga ta tsaya a bayan layi da hannuwa a buɗe.

"Hajiya, turo! Turo!"

Hajiya Gimbiya ta turo. Ta haɗa da haushin tunkiyar, ta kai wa ragar suka da iya ƙarfinta. Ƙwallon ya tashi ya wuce allo, ya wuce zana, ya ɓace. Aka ji ƙarar kofin shayi, sannan wani abu mai nauyi ya faɗi, irin faɗuwar babur da aka jingine a kan ƙafa ɗaya. Aka ji Malam Jibrin yana salati.

Kowa ya juya ya dubi zanar. Ta cikin zana ana jin maza suna shawara ƙasa-ƙasa kan wanda ya kamata ya mayar, da ko za a miƙa ne ko za a jefa. Maryamu tana kallon agogonta. Daga ƙarshe ƙwallon ya dawo ta sama, jifa mai kyau, da 'yar juyawa a iska, irin ta wanda hannunsa ya taɓa sanin abin. Kafin ya taɓa ƙasa usur ya yi ƙara.

'Yan Kaura suka zube a kan siminti. Ummulkhairi ta zo da hawaye. "Koci, ki yafe mini. Wannan ba ci ba ne."

"Ci ne. Miƙe tsaye, yaranki suna kallon ki. Ki gaya wa doguwar nan ta daina sauke ƙwallo ƙasa kafin ta jefa, wata rana za a ƙwace."

Bayan sallar la'asar aka shimfiɗa wa shaidu tabarma a gindin darbejiya. Rahina ta tsaya daga gefe. Babur ɗin Malam Jibrin yana jingine da itace, madubinsa ɗaya yana kallon ƙasa. Liman ya yi addu'a, ya ce Hajiya ta faɗi abin da ta gani tsakaninta da Allah.

Hajiya Tambari ta juya wa ɗanta kafaɗa, ta fuskanci liman.

"Malam, yaran ga sun fi matan ma'aikatanku sutura ranar biki. Ban ga gashi ba, ban ga ƙwauri ba. Da anka kira salla sunka yi alwala. Abin kunya guda na gani, kuma ba nasu ba ne. Ku tambayi mai kujerar can, shekara nawa yana cin albashi a gidan ga?"

Alhaji Muhtari ya gyara zama.

"Baiwar Allah ga tana tara ɗiyan mutane, su yi gudu, su yi zuhwa, su yi tsalle, da ƙyar su saka abu cikin ragaya, ya zube ƙasa. Su ɗauka su sake sakawa, ya sake zubewa. Shekara da shekaru! Ba namiji guda a makarantar ga da ya ce a sayo musu mai gindi. Ku kuna da abin hawa sabo hul, yara na wahala da ɓulalliyar ragaya. Ku hwaɗa mai ban rene shi haka ba."

"Haka anka yi," in ji Hajiya Gimbiya. "Kuma alƙaliyar 'yar Shinkafi ce, ko ta ɓoye."

Malam Jibrin ya yi gyaran murya. "Allah ya ba Hajiya haƙuri, ai ragar dama haka ake yin ta. A buɗe take. Ƙwallon ne yake..."

Gwaggonsa ta juyo gaba ɗaya. "Kai ina ka sani?"

"Ai kowa ya..."

"Leƙe ka yi? Jibrin, zana kake leƙawa?"

"Subhanallahi! A talabijin na gani, Gwaggo."

"A talabijin. Su wa ke yi a talabijin ɗin?"

Malam Jibrin ya buɗe baki, ya tuna irin wandunan da ake sawa a talabijin, ya rufe. Liman ya dube shi ta saman tabarau. Sauran 'yan kwamiti, waɗanda kowannensu ya san yadda ragar kwando take, suka shiga duban darbejiya kamar yau aka dasa ta.

Liman ya ce shaida ta tabbata daga mata biyu da suka gani da idonsu, kuma wanda bai gani ba ba ya rushe maganar wanda ya gani.

Alhaji Muhtari ya ɗago kai. A Zariya ya yi karatu, inda ake buga wasan sosai, kuma Rahina ta ga juyawar ƙwallon nan da ya dawo ta saman zana, ta san daga hannun da ya fito. Suka haɗa ido.

"Malama Rahina, kina da abin da za ki ƙara a kan bayanin Hajiya?"

"Babu, ranka ya daɗe. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai."

"Haka ne," in ji shi. "Hajiya ta iya ɗinki."

Ya sanar da hukunci da muryar ofis. Fili zai ci gaba da zama na ƙwallon mata. Babura za su nemi wani wuri. Kwaleji ta karɓi laifin sakaci game da ragogi, kuma daga yau ba za a sake barin su a ɓule ba.

"Ku ce mai ban yarda da bakinsa ba," in ji Hajiya Tambari tana miƙewa. "Duk ran da za a yi da baƙi a aiko mini mota, in zo in gani da idona. A ajiye mini gorata, wadda ba ta da lanƙwasa."

"Ni ma," in ji Hajiya Gimbiya. "Musamman in 'yan Shinkafi ne."

Da motoci suka tashi Rahina ta koma cikin zana. 'Yan wasanta suna nan zaune a kan siminti. Hussaina ta jingina tsani ta sauko da ragogin ta kawo mata. Rahina ta juya ɗaya a hannunta, ta ja ƙullin da yatsa. Ko motsi bai yi ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro rezar, ta dube ta, ta miƙa wa Hussaina.

"Mayar inda kika ɗauko. Ki ninke waɗannan yadda suke."

"Koci, haka za mu riƙa wasa ke nan?"

"A waje, yadda duniya take yi. A gida, yadda Hajiya take yi." Ta ɗauki gorar da ba ta da lanƙwasa, ta auna nauyinta, ta ɗaga ta saitin zoben. "Abin da ya cinye mu yau jiran gora ne. Ana iya rage shi. In an tura daga gefen hagu, ƙwallon hannun mai jefowa zai faɗa kai tsaye, ba sai ya yi yawo ba. Sai dai a san yadda za a nuna wa Hajiya ba tare da ta ga ana nuna mata ba."

Ta dubi layin fuskokin da ke kallon ta.

"Litinin da safe. Wace ce a cikinku akwai mangwaro a gidansu?"

Hannuwa uku suka tashi a hankali.